Kwana 9 a Siri Lanka: kamfanin ya kai ni tafki, bai kai ni dutse ba

Ni manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Shekaruna 58, kuma kafin bara tafiyata ta waje ba ta wuce Makka da Madina ba. Ɗana na biyu yana aiki a Doha, yana da abokin aiki ɗan Siri Lanka wanda shi ma mahaifinsa manomin shinkafa ne. Daga bakinsa yaron ya ji labarin tafkunan da sarakunan ƙasar suka gina tun kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), waɗanda har gobe da su ake ban ruwa. Da ya kawo mini labarin ban gaskata ba. Ya ce, "Baba, gani ya kori ji. Ka shirya, ni zan biya." Haka muka tafi mu biyu a watan Satumba, ta hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke Kolombo.

Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na son in taɓa wa mutane hanyar abincinsu a bainar jama'a. Irinsa suna da yawa a can, tsarinsu kusan ɗaya ne: mota da direba wanda shi ne kuma jagora, masauki da karin kumallo. Abin da zan faɗa zai amfani mutum ko wanne ya ɗauka.

Aikinsu na farko shi ne biza, kuma sun yi shi da kyau. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ke cike fom a intanet yau su tashi gobe, sai wani a can ya tsaya masa. Kamfanin ya tsaya mana, ya kai takardunmu ofishin shige da fice, ya kuma tuna mana tun da wuri mu riƙe katin rigakafin shawara. Mun jira makonni, amma duk saƙon da yaron ya tura ta WhatsApp ana amsa shi a ranar. Mun tashi daga Abuja, muka yada zango a Doha, muka sauka filin jirgin da ke Katunayake, arewa da Kolombo.

Tsibirin yana kudu da Indiya, faɗinsa murabba'in kilomita 65,610, wato ka haɗa Kebbi da Sakkwato ka ɗan ƙara. Mutanensa kusan miliyan 22 ne. Larabawa na kiransa Sarandib, Turawa suka kira shi Silon har zuwa 1972.

Wanda aka haɗa mu da shi dattijo ne mai furfura a gefen kai, mabiyin addinin Buddha, ɗan wani ƙauye kusa da Anuradhapura, tsohon birnin sarakunansu. Takardar da ofis ya ba shi cike take da wuraren ibada da shagunan tsaraba. A daren farko na sa yaron ya fassara masa cewa ni ruwa na zo gani: inda ake tare shi, yadda ake sakinsa, da wanda ke raba shi. Mutumin ya yi shiru, ya dubi hannuwana, ya tambaya ko da kaina nake shiga gona. Na ce tun ina ɗan shekara 7. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Daga ranar sai ya zamana manomi ne ke zagayawa da manomi, kuma duk alherin da na samu a tafiyar nan ta hannunsa ya biyo.

Ya fara kai mu Kala Wewa. Wewa a harshen Sinhala shi ne tafkin da aka gina. Sarki Dhatusena ne ya yi shi a ƙarni na 5, kuma daga nan aka ja magudana mai tsawon kilomita 87 har Anuradhapura. Abin da ya tsayar da ni shi ne gangararta: a kilomitocin farko, saukar ba ta wuce kimanin santimita 10 a kowace kilomita ba. Duk wanda ya taɓa jan ruwa daga bakin inji zuwa fangalin ƙarshe ya san wahalar daidaita ƙasa ko ta taku 50 ce. In ta yi gangare da yawa ruwa ya cinye kunya, in ta kwanta ya tsaya ya kwana. Su sun yi wannan lissafi ba inji, ba fetur, shekara 1,500 da suka wuce.

Ya kuma nuna mini dabarar da suke kira bisokotuwa. Wani ɗaki ne kamar rijiya mai kusurwa huɗu, an jera shi da sassaƙaƙƙen dutse a jikin ganuwar tafki ta ɓangaren ruwa. Ruwa na fara shiga cikinsa, ƙarfinsa ya karye, sannan ya fita ta ƙarƙashin ganuwar a hankali ba tare da ya zaizaye ta ba. Da wannan suka iya gina manyan tafkuna masu zurfi. Na tsuguna a bakin wani tsohon da aka bari don masu kallo, na daɗe ina shafa mahaɗar duwatsun.

A Polonnaruwa muka hau ganuwar Parakrama Samudra, wato tekun Parakrama, mai tsawon kusan kilomita 14, mota na bi ta kanta. Sarki Parakramabahu na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, shi ya gina shi, kuma littafin tarihin sarakunansu ya ruwaito yana cewa kada ko ɗan ruwan da ya sauko daga sama ya tafi teku bai amfani ɗan Adam ba. Ina tsaye a wurin wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga gida, yana gaya mini gulbi ya fara tumbatsa, ruwa ya taɓa gonakin da ke ƙasa-ƙasa. Satumba ke nan a wurinmu. Na tuna 2020, shekarar da ambaliya ta shanye shinkafar Kebbi ana dab da ganin amfaninta, muna ji muna gani ruwan ya wuce Birnin Kebbi ya faɗa Kwara ya nufi teku. Bayan wata huɗu kuma muka koma sayen fetur muna jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa don noman rani. Ban iya cewa komai ba. Jagoran ya lura, ya koma mota ya bar ni ni kaɗai kusan rabin sa'a, bai duba agogo ba.

Amma manyan tafkunan sarakuna ba su kai ƙananan na ƙauye shiga raina ba. Washegari, ba ya cikin tsari kuma bai nemi ƙarin ko sisi ba, ya kai mu ƙauyensu. A yankin da ruwan sama ke ƙaranci akwai dubban ƙananan tafkuna, an jera su bisa gangaren kwari ɗaya bayan ɗaya. Na sama ya cika ya zuba wa na ƙasa, ruwan da ya fito daga gonakin wannan ƙauye ya taru a tafkin ƙauye na gaba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sa wannan tsari cikin gadon noma na duniya. Noma biyu suke yi a shekara, Maha babba da Yala ƙarami, kuma kafin kowanne sai manoma sun zauna sun tsayar da ranar buɗe ruwa da irin da za a shuka. Da can akwai mai sarautar da ake kira vel vidane, shi ke riƙe da ƙofar ruwa, kamar a haɗa Sarkin Noma da Sarkin Ruwa a jikin mutum ɗaya.

Yayansa, wanda ya gaji gonar gidansu, ya bayyana mini al'adar bethma. Shekarar da tafki bai cika ba, sai a bar gonakin nesa, a ɗauki na kusa da ruwa a raba wa kowa na wannan noman kaɗai, ko da filin ba nasa ba ne. In ruwa ya dawo, kowa ya koma gonarsa. Na tambaya har sau biyu ko mai filin yana yarda. Ya ce ba a ko'ina ake yi yanzu ba, amma a wurinsu an yi a idonsa. Ya kuma nuna mini ɗan yankin da iyayensu ke warewa a gefen gona su bar wa tsuntsaye. Mu da muke kwana da fargabar jan-baki, wannan ya ba ni tunani. Suna da gayya irin tamu. Aikin gyaran tafki kuwa da wajibi ne a kan kowane magidanci, har Turawan Ingila suka soke shi a 1832, tafkuna da yawa suka lalace kafin a dawo ana farfaɗo da su. Matarsa ta kawo mana jar shinkafa da miyar kwakwa, sannan kindirmon ɓauna a ƙaramar tukunyar ƙasa an zuba masa zumar wani icce dangin giginya da suke kira kithul. Na sha nonon Fulani iri-iri, wannan ya fi kauri, har cokali na tsayawa a ciki.

Da yamma muka shiga gandun dajin Minneriya. Shi ma tafki ne, na Sarki Mahasena, tun ƙarni na 3. In rani ya yi ruwa ya ja baya, sai ɗanyar ciyawa ta tsiro a inda ya bari, giwaye su fito daga dazuzzuka su taru. Na ƙirga 60 da wani abu na daina. Mafi yawansu ba su da haure. Motocin masu kallo sun yi yawa, wasu na matsawa har uwa ta tsaya tsakanin mota da ɗanta tana kaɗa kunne, amma jagoranmu ya hana direban da ya ɗauko mana shiga wannan turmutsitsi. A hanyar komawa ya nuna mana bukkokin da manoma ke ɗaurawa a kan itatuwa suna gadin gona da dare, ya ce kowace shekara ana rasa rayukan mutane da na giwaye. Na ba shi labarin dorina da manoman Yauri.

Sigiriya kowa na zuwa, mu ma mun je. Dutse ne guda, tsayinsa kusan mita 180, matakala kimanin 1,200. Kashyapa ya gina fada a kansa, ya yi mulki daga 477 zuwa 495. Shi ɗan Dhatusena ne mai Kala Wewa, kuma kashe uban ya yi ya hau. An ruwaito cewa da aka matsa wa tsohon ya nuna inda ya ɓoye dukiyarsa, sai ya ce a kai shi tafkin, ya nuna ruwan ya ce dukiyarsa ke nan gaba ɗaya. Jagoran ya tashe mu tun bayan asuba don mu riga rana da cunkoso, ya kuma gargaɗe mu mu rage murya a wajen ƙafafun zakin da aka sassaƙa saboda zirnaƙo. Na hau har sama ina hutawa. A can ma abin da na tarar tafki ne, an fafe shi cikin dutse.

A tsofaffin biranen nan na ga an share ciyawa, an kafa alluna, ga 'yan makaranta cikin fararen kaya malamansu na yi musu bayani. Wurare 8 ke gare su a jerin gadon duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Zuciyata ta tafi Surame, birnin Kanta, da ganuwarsa ta dutse da ke kwance a daji. Ni Bakabe ne, sau ɗaya na taɓa zuwa, kuma ban kai ko ɗaya cikin 'ya'yana ba. Abin ya dame ni har yanzu.

Musulmi zai so ya san batun ibada da abinci. Kusan mutum ɗaya cikin 10 a ƙasar Musulmi ne, kuma da wuya ka ratsa babban gari ba masallaci da gidan abincin halal. Jagoran ya sa lokutan salla a wayarsa, shi ke tuna mana. A wuraren ibadarsu na Buddha ana cire takalmi da hula. Ya gaya mini tun a mota, ya ce in ban so ba in tsaya daga waje ba wanda zai ji haushi. Inda ake tsakiyar bauta, kamar babban ɗakin ibadar Kandy, daga waje na tsaya. A kangayen tarihi na shiga, kuma ina ba da shawarar a riƙe safa mai kauri, don dutsen na ƙuna da hantsi. Juma'a a Galle muka yi ta, a farin masallacin da ke cikin ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, na Holan suka faɗaɗa bayan 1640. Shafi'awa ne, liman na bayyana bisimilla. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna da ya ji daga Najeriya muke, bai sake mu ba sai da muka ci abinci a gidansa.

Yanzu ga inda aka ɓata mini.

A Matale an tsaya da mu a wani lambun kayan ƙamshi. Zagayen kansa yana da amfani: na ga iccen kirfa ta ainihi, yadda ake kankare reshe a ɓare ɓawon ciki siriri a naɗe shi kamar taba, na ga kanumfari da masoro a jikin uwarsu. Daga nan aka shigar da mu shago, wani mai farar riga ya dinga jero magungunan da ya ce suna warkar da ciwon suga da sanyin ƙashi. Na sayi kirfa don Hajiya. Bayan kwana biyu na ga irinta a kasuwar Kandy a ƙasa da sulusin kuɗin. Da na yi wa jagoran magana bai ɓoye ba, ya ce ofis ne ke wajabta tsayawar kuma akwai kason da ake ba su. Na ji daɗin gaskiyarsa, amma da ya faɗa kafin in buɗe jaka da ya fi. A wani masauki kuma a yankin tsaunuka an jera naman alade cikin abincin dare kusa da sauran, alhali mun rubuta musu tun daga gida. Daren nan sai gari muka fita nema.

Gonakin shayi na Nuwara Eliya suna da kyau, ga sanyi kamar tsakiyar hunturu. Wani Bature ɗan Sikotland, James Taylor, ya fara noman shayi a ƙasar a 1867, kuma Lipton ɗin da muke sha a teburin mai shayi sunan mutumin da ya sayi gonaki a ƙasar ne a 1890. Matan Tamil da ke tsinkar ganyen, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya, na ga dogayen ɗakunan da suke zaune a ciki, ban ji daɗin ɗaukarsu hoto ba.

Babban ƙorafina shi ne Dutsen Adamu. Tsayinsa mita 2,243, a ƙololuwarsa akwai wata alama kamar sawun ƙafa. Mabiya Buddha na cewa ta Buddha ce, 'yan Hindu na cewa ta Shiva ce, Musulmin da kuma suna danganta ta da Annabi Adamu (AS). Ban ɗauki wannan a matsayin aƙida ba, kuma ba ibada za ta kai ni ba. Abin da ya ja ni shi ne Ibn Battuta ya hau dutsen a 1344, kuma shi ɗin ne bayan shekara 9 ya iso Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir a labarinsa. Mutum ɗaya ya taka can ya taka kusa da mu. Na so in bi sawunsa. Mun rubuta wannan a saƙonmu na farko, kamfanin ya sa shi a tsari, ya karɓi kuɗin kwana a gindin dutsen. Sai da muka isa muka tarar garin shiru, shaguna a rufe. Ashe lokacin hawa daga Disamba ne zuwa Mayu, sannan ake kunna fitilun hanya, masu shayi su buɗe. A Satumba sai ruwa da iska da hazo, ga matsattsaku a ciyawa, ga matakala sama da 5,000 masu santsi. Jagoran ya ce ana iya hawa, amma shi ba zai kai mai shekaruna cikin wannan yanayi da dare ba. Yaron ya ce, "Baba, don Allah ka haƙura." Na haƙura. Da safe hazo ya ɗan yaye na minti kaɗan, na ga kan dutsen daga tagar masauki, ya sake rufewa. Ba wanda ke wannan sana'a a Siri Lanka da bai san watannin nan ba. Layi ɗaya a saƙo ya isa mu sauya lokaci ko mu cire shi daga rai tun a gida.

A gabar kudu, wajen Koggala, akwai masuntan da ke zama kan sanda a cikin teku, waɗanda hotonsu ke kan kowace takardar talla. Wannan karon jagoran ya riga ya faɗa mini gaskiya: yawancin waɗanda ke bakin hanya ba kifi suke kamawa ba, hoto suke sayarwa. Sana'ar ta faro ne wajen lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, wadda ta kashe fiye da mutum 30,000 a ƙasar, ta sauya gabar ta tarwatsa masuntan. Na biya, ban yi ciniki ba, don na ga talaka ne ke neman na cefane. Amma na tuna Matan Fada, kogin da muke bikin kamun kifi a Argungu. Bikin kamun kifinmu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta karɓe shi a 2016, kuma darajarsa ita ce wanda ya faɗa ruwa da homa da gora masunci ne na gaske, gobe ma su zai fita. Ina roƙon Allah kada ranar ta zo da jikokinmu za su riƙe homa don kyamara kaɗai.

Batun kuɗi: mota da direba sun kama mana kusan dala 65 a rana, har da mai da masaukinsa. Tikitin shiga wurare ba ya ciki, kuma na baƙi yana da tsada, na Sigiriya kaɗai ya haura dala 30 kowane mutum. Sun rubuta hakan, amma a ƙasan takarda da ƙananan baƙaƙe. Wanda zai je ya nemi a lissafa masa tikitoci gaba ɗaya, ya ce a rubuce ba ya son tsayawa shagon da bai nema ba, ya tambayi watan da ya dace da kowane wuri ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma nemi magana da direban kafin ya biya. Na ba jagoranmu abin da ya sawwaƙa da hula ƙube sabuwa da na zo da ita.

Da na dawo, maƙwabcin gonata ya tare ni a bakin fadama ya ce, "Alhaji, mi kag gani can?" Na zauna na zana masa jerin tafkunan a ƙasa da tsinke, muka daɗe muna gardamar ko ƙasarmu mai yashi za ta riƙe ruwa haka. Kamfanin kuma ya amsa ƙorafin da yaron ya rubuta. Sun ba da haƙuri, sun mayar da kuɗin daren gindin dutse, suka ce in na dawo a lokacin hawa za su ba ni mota kwana biyu kyauta. Na ce su rubuta cewa da wannan jagoran ne, sun rubuta. Sai dai Janairu da Fabrairu lokacin dashe ne a wurinmu, ba na barin gona. Ina duban farkon Mayu, in an yanke shinkafa da wuri kuma gwiwa ta yarda.